Amsa: Komawa karatu a shekara 40 don shiga aikin koyarwa

Ɗan'uwa, kana tambaya ko mai shekara 40, ga iyali ga shagon ɗinki, zai iya komawa karatu ya zama malamin makaranta ba tare da ya rufe shago ba. Zai iya, kuma lokaci bai ƙure maka ba. Ka nemi gurbin NCE ta karatu daga nesa a Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, wato NTI, mai hedikwata a Kaduna da cibiyoyin karatu a jihohi. Yawanci a ƙarshen mako da lokutan hutu ake haɗuwa da malamai, sauran karatun a gida kake yi da littattafanka. NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Nijeriya, bayan ta kuma sai rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa. Amma kafin ka biya ko sisi, ɗauko sakamakon WAEC ko NECO ɗinka ka duba Turanci da Lissafi. In da gyara, fara da shi.

Sharaɗi ɗaya nake so ka riƙe, domin a nan na ga magidanta irinmu suna tuntuɓe: gwajin koyarwa. Wannan ba harkar Asabar da Lahadi ba ce. Makonni za ka yi kana shiga aji kana koyar da ɗalibai tun safe, a daidai lokacin da masu kawo ɗinki ke jiranka, kuma ba a kammalawa sai da shi. Don haka tun shekarar farko ka fara horar da yaron da zai riƙe maka shago, ka kuma ware ɗan abin cefane na wannan lokacin, uwargida ma ta san da zancen tun yanzu.