Mece ce "diksha" a addinin Hindu?

Malam, ka tambaya ko diksha bikin shiga addinin Hindu ne, kuma daga ina kalmar ta fito. A'a, ba musuluntar da mutum ba ce irin yadda muke fahimta. Keɓe mutum ne da tsarkake shi don wata ibada, a hannun malaminsa, wato guru.

Kalmar ta Sanskrit ce, tsohon harshen Indiya, daga saiwar "diksh", shirya kai don ibada. Malaman Tantra kuma, wata hanyar ibada ta Hindu, sukan raba ta biyu: "da", bayarwa, da "kshi", shafewa. Wai tana ba da ilimi, tana shafe zunubi. Ni dai ina ganin wannan wa'azi ne aka saka wa rigar nahawu, amma ya shiga zuciyar mabiya sosai.

A zamanin Veda, tsofaffin littattafan addinin Hindu, mai yin hadayar Soma, wani abin sha na ibada, yakan shiga wata bukka, a lulluɓe shi da fatar baƙar barewa, ya dunƙule hannuwa kamar ɗan tayi a ciki. Littafin Aitareya Brahmana ya kwatanta shi da wanda za a sake haifa. Yau galibi guru ne yake raɗa wa almajiri mantra, wato kalmomin ibada da ake maimaitawa, a kunne, wani lokaci har da sabon suna.