Na zane dokina, yanzu ya ƙi ni: riƙo yake yi?

Wani bawan Allah daga wajen Kazaure ya turo tambaya, ya ce: "Malam, ingarmana ya kayar da ni a wajen kilisa, da muka dawo gida na ɗaure shi a turke na zane shi da bulala. Yau kwana 10 kenan, da ya hango ni sai ya kwantar da kunnuwa ya juyo min baya zai yi harbi, amma yaron da ke zuba masa harawa ba ya masa haka. Ƙullatata ya yi?"

To Alhaji, Allah ya ƙara kiyayewa. Doki ba ya riƙo irin namu na mutane, wato ya kwana yana saƙa yadda zai rama, amma fa ba ya mantuwa, abin da ya ba shi tsoro ko ya ji masa ciwo yana riƙe shi tare da wurin da kuma fuskar wanda ya yi masa. A 2018 masu bincike a Jami'ar Sussex ta Ingila sun nuna wa dawaki hoton mutum ya haɗe rai, bayan wasu awanni mutumin ya zo da kansa fuska ba fushi ba fara'a, sai ga dawakin suna ɗari-ɗari da shi. Hoto kawai kenan, ina ga bulala.

Inda aka yi kuskure shi ne lokacin dukan. Doki yana haɗa horo da laifi ne in ya zo nan take, cikin daƙiƙa biyu zuwa uku. Kai kuwa sai da kuka taho gida lafiya, ya tsaya ka ɗaure shi, sannan bulala ta sauka, to a wajensa abin da ya koya shi ne in maigida ya matso turke akwai wuya. Wallahi abin nan yana ci min rai, don na sha ganin doki mai kyau an lalata shi haka.

Kafin komai a duba me ya sa ya yi tutsun. Cire sirdi ka shafa gadon bayansa ko akwai miki ko kumburi, duba inda majayi ke kamawa, buɗe baki ka ga harshe da gefen leɓe, linzaminmu na gargajiya yana da kaifi a hannun mai fizga. In ka ga rauni ko haƙori ya yi tsini yana yankar kumatu, a kira malamin dabbobi. Doki da ya kwana biyu a ɗaure yana cin dawa ba motsa jiki shi ma zai yi tutsu.

Sannan ka karɓi aikin yaron nan na sati biyu ko uku, kai za ka ba dokin ruwa da dusa da kanwa, ba bulala a hannu. Ka riƙa zuwa ta wajen kafaɗa kana masa magana, kar ka ɓullo ta baya don nan ba ya gani. In ya kwantar da kunne ka tsaya inda kake, nesa da ƙafar baya, ya sassauta sai ka ja da baya kaɗan. Kar ka hau shi tukuna, sai ranar da ya bari ka sa masa ragama ka ja shi ba gardama, kuma a hana yara zagayawa bayansa a kwanakin nan.