Amsa kan garin Monowi mai mutum ɗaya

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne akwai gari a Amurka da mazauninsa mutum ɗaya ne tak. Gaskiya ne, sunansa Monowi, yana gundumar Boyd a arewacin jihar Nebraska, dab da iyakar Dakota ta Kudu, a yankin noma da kiwo tsakanin kogin Niobrara da kogin Missouri.

An kafa shi a 1902 lokacin da layin dogo ya iso wurin, kuma a shekarun 1930 mutanensa sun kai kimanin 150. Daga nan injinan noma suka rage buƙatar hannu a gona, matasa suka yi ta ƙaura zuwa birane, har ƙidayar 2000 ta tarar da mutum biyu kacal, Rudy Eiler da matarsa Elsie. Bayan rasuwar mijin a 2004, matar ta zama magajiyar gari kuma sakatariya, ita ke sabunta wa kanta lasisin shagonta. Abin da ya fi burge ni shi ne ɗan ɗakin karatun da aka gina don littattafan marigayin, wajen 5,000.

Ƙidayar 2020 ta nuna mutum biyu, amma hukumar ƙidaya ce ta jirkita alƙaluman da gangan domin kare sirrin jama'a.