Me Alhaji ya gani a tsohuwar MGB?

Ka ce, "Oga, motar nan kujera biyu ce kacal, ba iyakwandishan, ba wurin kaya, Corolla ma za ta tsere mata. Me Alhaji ya gani har yake kashe mata kuɗin da zai isa sayen sabuwa?" To, matso kusa, yaro, tunda dai kai ma sai ka sa mata hannu kafin ta bar garejin nan.

Sunanta MGB, 'yar Ingila ce. Haruffan MG daga Morris Garages suka samo asali, wani gareji a birnin Oxford da ke sayar da motocin Morris. Manajan wurin, Cecil Kimber, shi ya fara ɗaukar Morris ta gama-gari a shekarun 1920 yana sake mata bodi, yana ƙara wa injinta kuzari. A 1929 suka koma garin Abingdon, kuma can aka haɗa wannan da kake gani. Samfurin ya fito a 1962, ba a daina ƙera shi ba sai Oktoban 1980 da aka rufe masana'antar. An yi sama da rabin miliyan, mafi yawansu Amurka aka kai, domin tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu Amurkawa suka ƙwallafa rai a kan ƙananan motocin MG masu rufin tamfol, ita kuwa Ingila tana neman dala ido rufe.

Maganar gudu, gaskiyarka ce. Injin silinda huɗu ne, cc 1798, ƙarfin doki wajen 95, iyakar gudunta ɗan sama da kilomita 160 a awa. Amma shiga ka zauna. Ka ga kana dab da ƙasa, ƙafafunka a miƙe, sandar giya gajeriya a ƙarƙashin tafinka. Sitiyarin ba fawa, saboda haka duk abin da tayar gaba ta taka sai ya iso hannunka. In taya ta fara sulɓi a kwana, ƙugunka zai sani kafin idonka. Motar zamani ɓoye wa direba waɗannan abubuwa take yi don ya huta. Wannan kuwa komai sai ta faɗa maka, kuma abin da Alhaji yake biya ke nan. Mutanen Japan ma sun gane haka, shi ya sa a 1989 Mazda ta fito da MX-5 a kan irin wannan tsari.

Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina yana ƙarƙashin bonet. Kabureta, wato mai gauraya fetur da iska, biyu ce, ƙirar kamfanin SU. A cikin kowane kwanon nan akwai fistin, da allura mai tsini a ƙasansa. In injin ya zuƙi iska sai fistin ya ɗaga, allurar ta fita daga ramin mai, fetur ya ƙaru daidai da iskar. Shi ke nan aikinta. A saman kwanon akwai murfi da ake ɗiga wa ɗan baƙin mai don kada fistin ya zabura. In ya bushe, ka taka totur sai motar ta yi tari kafin ta ja. Daidaita su biyun kuwa aikin kunne ne. Ka sassauta ƙarfen da ya haɗa su, ka sa siririn tiyo a kunne, ka kai bakinsa bakin kowace kabureta, ka yi ta juya sukurun har hucinsu ya zama ɗaya. Sannan ka ɗan ɗaga fistin kaɗan. In injin ya hau ya zauna a sama, mai ya yi yawa. In ya nemi mutuwa, mai ya yi kaɗan. In ya ɗan hau ya dawo, ka dace, kada ka ƙara taɓawa. Ku yaran yanzu da kuka saba kwamfuta ta karanto muku matsala, nan za ku san me ake nufi da gauraya mai da iska.

Ta Alhaji ƙirar 1966 ce, don haka ka kiyayi wuta. Batir biyu ne masu volt 6, a ɓoye a bayan kujeru, kuma kafin 1967 kan batir mai alamar tarawa shi ake ɗaurawa a bodi, saɓanin abin da ka saba. Ka juya su, ka jawo mana asara. Turawa suna yi wa Lucas, kamfanin da ya yi kayan wutar, ba'a da sunan Sarkin Duhu. Ni dai a ganina yawancin laifin na tsufa ne: bakin waya ya yi tsatsa, wayar da ke kama bodi ta saki. Ka kankare, ka ɗaure, fitila ta kama.

Sitiyarinta a dama yake, irin yadda motocin ƙasar nan suke kafin Najeriya ta sauya hannun tuƙi a 1972. Kuma don ƙasar sanyi aka yi ta, sai mun wanke lagireto sosai kafin ta shiga zafinmu.

Dubi bambarta, ƙarfe ce mai ƙyalli. A 1974 dokokin Amurka suka sa aka maye ta da baƙar roba mai nauyi, aka ɗaga motar sama, daga baya ma waɗanda ake kaiwa can aka bar su da kabureta ɗaya, ƙarfi ya ragu. Masu tara irin motocin nan sun fi daraja mai ƙarfen, ni ma ita ta fi yi mini kyau. Sai dai a hanyoyinmu masu ramuka, mai robar ce salansarta za ta fi daɗewa. Sunan MG kuwa yau yana hannun kamfanin SAIC na China, sabbin ba abin da ya haɗa su da wannan sai tambari.

Inji ba ya ba ni tsoro, kayansa har gobe ana yin su. Tsatsa ce abin dubawa. Motar ba ta da shasi daban, bodin ne ke ɗauke da komai, ga shi ba rufin ƙarfe, saboda haka ƙarfinta yana cikin dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi. In ya ruɓe sai tsakiyarta ta lotsa, ƙofa ta fara cijewa. Tun 1988 kamfanin British Motor Heritage ke buga sabon bodi da ainihin kayan aikin da, amma kuɗinsa da na jirgi ba wasa ba ne. Da wurin nan za mu fara gobe, ka ƙwanƙwasa shi daga gaba har baya, duk inda fenti ya kumbura ka nuna mini.

Tayoyin nan masu wayoyi irin na keke, noti ɗaya ne a tsakiya yake riƙe da kowace, kuma na ɓangaren dama bai-bai yake kwancewa. In za ka kwance, kowane ɓangare kake, kunnen notin da ke sama za ka buga zuwa gaban mota. Da gudumar tagulla, ba ta ƙarfe ba.