Fatawa: Taron Ranar Muhalli da Saran Itatuwan Dajin Gari

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ne magatakardan ƙungiyar matasan garinmu, wani ƙauye a ƙasar Gumel. Mun shirya yin gayya ranar 5 ga Yuni, wadda ake kira Ranar Muhalli ta Duniya: mu yashe kwatoci, mu tsince ledoji, mu dasa itatuwa a firamare da maƙabarta, dagaci ya yi jawabi. Sai wani ɗan'uwa mai karatu ya tashi bayan La'asar ya ce wannan idi ne na uku da Turawa suka ƙago, shigarsa bidi'a ce. Yanzu da yawa sun janye, cikinsu har da masu toya gawayi a dajin gari, waɗanda ke cewa itace na Allah ne, ba mai hana su. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, gayyar da kuka shirya halal ce, kuma aikin da ke cikinta na lada ne in an kyautata niyya. Saran ɗanyen itace a dajin gari don toya gawayi kuwa bai halatta ba. Na lura mas'ala mai sauƙi ce ta raba kanku, aka bar mai nauyin ba wanda ya ɗaga murya a kanta.

Ɗan'uwan nan da hujja ya yi magana, kada ku raina shi. Abu Dawuda da Nasa'i sun ruwaito daga Anas cewa Annabi (SAW) ya tarar da mutanen Madina suna da kwana biyu na wasa tun jahiliyya, sai ya ce Allah ya musanya musu da waɗanda suka fi su alheri: Sallar Layya da Ƙaramar Salla. Daga nan wasu malamai suka hana duk ranar da ake maimaitawa shekara-shekara ana taruwa dominta. Ra'ayi ne na masana, sai dai ba shi na fi natsuwa da shi ba. Ibada ita ce ake tsayawa inda nassi ya tsaya. Al'amuran rayuwa kuwa asalinsu halacci ne har sai dalili ya hana. Ita wannan rana Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta ware ta a 1972, shekarar da aka yi babban taron muhalli a ƙasar Suwidin, aka fara gudanar da ita a 1973. Ba gunki a cikinta, ba coci, ba wata addu'a da aka tsara mata. Lokaci ne aka sa don mutane su haɗu kan aiki, kamar yadda kasuwar Maigatari ke ci kowace Alhamis ba wanda ya ce an ƙara wa Musulunci idi. Kasancewar ba Musulmi ne suka fara kiran ba, wannan ba ya haramta alheri. Annabi (SAW) ya halarci Hilful Fudul a gidan Abdullahi bin Jud'an kafin a aiko shi, yarjejeniyar Ƙuraishawa ta taimakon wanda aka zalunta, kuma ya yabe ta bayan zuwan Musulunci.

Sai dai kada wani ya ƙudurta cewa dashen wannan rana ya fi na sauran ranaku lada, kada a ƙirƙira mata salla ko wuridi, kada a bar sallar jam'i ta wuce ana jawabi, kuma a nisanci kiɗa da cakuɗuwar maza da mata. Kuɗin ƙungiya kuma kada ya ƙare a buga riguna da huluna.

Yanzu ga inda nake son ka buɗe kunne. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga gare ta, face ya zama sadaka a gare shi. Ladar da hadisin ya ambata tana tafe ne da amfanin da ake samu, itacen da ya bushe bayan mako biyu kuwa ba tsuntsun da zai ci komai a kansa. Mun sha ganin irin wannan dashe: a tara manya, a ɗauki hoto, a watse, kafin Juma'a awaki sun gama da shi. In hukuma ce ta ba ku irin, amana ce. In da kuɗin ƙungiya kuka saya, barinsa ya mutu tozarta dukiya ne, kuma ya tabbata a hadisin Mugira bin Shu'uba cewa Allah yana ƙin tozarta dukiya. Kai ka fi ni sanin ƙasarku: farkon Yuni damina ba ta zauna ba a Gumel, rairayi na da zafi. Saboda haka ku yi yasar kwatoci da tsintar leda a ranar, tunda kafin ruwa ya sauka ake buƙatarsu, ku haƙa ramuka, dashen kuwa ku bari sai ƙarshen Yuli zuwa Agusta. Kowane itace a ba shi mai shi da suna, a kewaye shi da ƙaya ko kara, a san wa zai ba shi ruwa in rani ya shigo. Ashirin da suka rayu sun fi ɗari biyu da aka lissafa wa dagaci. A maƙabarta kuma a dasa a gefe da bakin hanya, nesa da kaburbura, don saiwa.

Tsabtar gari ba ta jiran wata rana. Muslim ya ruwaito cewa kawar da abin cutarwa daga hanya reshe ne na imani, ya kuma ruwaito gargaɗi kan abu biyu masu jawo tsinuwa: yin bahaya a hanyar mutane ko a inuwarsu. An hana fitsari a ruwan da ba ya gudu, wannan ya shafi kududdufin da yara ke wanka dabbobi ke sha. Leda ba ta zo a nassi ba, amma ƙa'idar da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, "babu cuta, babu cutarwa", ta hau kanta daidai. Ku tambayi mahauta abin da suke tararwa a tumbin akuya da saniya. Kuma wanda ya ga ambaliyar 2022 a Jigawa ya san abin da ruwa ke yi wa gidan ƙasa in bai sami hanya ba. Wanda ya toshe kwata da shararsa har ruwa ya ci katangar maƙwabci, da hakki a wuyansa.

Sai masu gawayi. Gaskiya ne itace na Allah ne, kuma Allah ɗin ne ya ce a Suratul A'araf kada ku yi ɓarna a bayan ƙasa bayan gyara ta. Hukuncin yana da rabe-rabe. Tsintar busasshen itace da sayar da shi sana'a ce mai daraja. Buhari ya ruwaito cewa mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar ya fi masa roƙo. Wanda ya sare itacen gonarsa don azara, ko ƙotar fartanya, ko don ya tsufa yana barazanar faɗawa kan gida, ba laifi. Dajin gari dabam ne. Hadisi ya ce mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta, abin tarayya kuwa ba a yarda mutum ɗaya ya cinye shi ba. Mai kuka da ɗorawa a miyarta, makiyayi mai neman inuwa da kauci, manomin da iska ke binne wa gero da yashi, duk suna da rabo a wannan daji. Abu Dawuda ya kawo hadisin narko mai tsanani kan wanda ya sare magarya, ya kuma fassara shi da magaryar daji wadda matafiya da dabbobi ke fakewa a inuwarta, aka sare ta da zalunci ba da hakki ba. Sayyidina Abubakar ma, a wasiyyarsa ga rundunar Sham, ya hana sare itace mai 'ya'ya. A fagen yaƙi ke nan, a ƙasar abokan gaba, ina ga bayan garinku?

In kuwa wurin gandun daji ne da hukuma ta keɓe, haramcin ya ƙaru. Annabi (SAW) ya keɓe makiyayar Naƙi'u, Sayyidina Umar ya keɓe makiyayar Rabaza, malamai suka fahimci cewa shugaba na da ikon killace wuri don maslahar jama'a. Jigawa na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Katangar Itatuwa, na dasa itatuwa don tare hamada, ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya ta kafa masa hukuma a 2015. Dokar da ta hana sara a irin waɗannan wurare ba saɓon Allah a cikinta, binta wajibi ne.

Na san talauci ne ke kai yaro daji da gatari, ba na musun haka. Amma lalura ana auna ta gwargwadonta: wanda ya sassari reshe don a dafa tuwon dare ba ɗaya yake da mai loda buhuna a mota zuwa birni ba, kuma dillalin da ke ba da kuɗi a sare ya fi yaron alhaki. Ku nuna musu abin da manoman Maraɗi da Damagaram suka yi tun shekarun 1980: lokacin sassabe ba sa tumɓuke tohon kututture, sai su zaɓi masu ƙarfi su bari, su rage sauran. Da haka gonaki suka cika da gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana da taki, ya yi ganye da rani. Rassan da ake ragewa su ne makamashin gida, ba a sayi iri ba, ba a yi ban-ruwa ba.

Shi kuma ɗan'uwan, ka je gidansa da kanka tare da liman, kada ka yi masa raddi a bainar jama'a. In sunan ranar ne kaɗai ya tsaya masa, ku matsar da gayyar zuwa Asabar ɗin da ke biye, ku kira ta aikin gayya kawai, ba abin da ya ragu a ladarku. Ku roƙe shi ya karantar da hadisin magarya bayan La'asar, a masallacin da ya yi maganar farko, masu gawayin suna zaune.

Wallahu a'alam.