Na ci BAK D a Maradi, ina son karatun kwamfuta: ta ina zan fara?

Ƙanena, barka da cin jarrabawa. Ka ce kana son ilimin kwamfuta amma kana tsoron lissafi, kuma ba ka san inda za ka kai takardunka ba.

Maganar lissafin ita ce babba. Yawancin ɗalibai suna shiga da tunanin za a koya masu Word da gyaran waya, sai su tarar shekarar farko lissafi ce da tsara matakan warware matsala, a kan takarda ma, kafin a taɓa na'ura. Mai BAK C, wato ɓangaren da ya fi ba lissafi ƙarfi, ya fi samun sauƙi, amma ɗan D da ya dage yana wucewa. Lisans, wato digirin farko, shekara 3 ce, masta 2 a kai. Darussa da Faransanci ake yi, sai dai harsunan rubuta manhaja irin su Python da C kalmominsu na Ingilishi ne, don haka ka fara koyonsa tun yanzu.

Ka fara da gida: je ofishin rajista na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ƙafarka, ka tambayi sassan tsangayar kimiyya da ranar rufe karɓar takardu. Ka nemi Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ma, kada ka dogara da wuri guda.

Tanadi takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, sakamakon BAK da hotuna, kuma a buga wa kofe hatimin hukuma. Kada ka miƙa na asali. Maganar bursu kuwa ta ANAB ce, hukumar gwamnati mai ba ɗalibai tallafin karatu, takardunta daban.

In makaranta mai zaman kanta ce, kafin baba ya biya ko dala, a tabbatar a ma'aikatar ilimi mai zurfi cewa gwamnati ta amince da digirinta.