Tambaya da Amsa: Yaya Wuta Ke Ratsa Feshin Mai a Cikin Inji?

TAMBAYA: Ni ɗalibin injiniyanci ne a Zariya. Malaminmu ya ce man dizal ba ya cin wuta yana ruwa, sai ya koma tururi. To, yaya harshen wuta yake bi ta cikin feshin da nozul, wato bakin da ke feso mai cikin inji, ke fitarwa, kuma yaya masana suke lissafa hakan a kwamfuta?

AMSA: Malaminka ya faɗi gaskiya, kuma maganarsa ita ce mabuɗin tambayar. Idan zafin wuta ya kusanto ɗigon mai, gefensa na waje ne yake fara ƙafewa, tururin da ya tashi ya gauraya da iska, sannan ya kama. Saboda haka lamarin tsere ne tsakanin lokacin da ɗigo yake bukata ya ƙafe da lokacin da wuta take ɗauka ta iso inda yake, kuma girman ɗigon ne yake raba gardama.

Masana biyu, Burgoyne da Cohen, sun nuna haka a 1954 da wani mai da ake kira tetralin. Ɗigon da faɗinsa bai kai maikiromita 10 ba (maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) yakan ƙafe tun kafin wuta ta iso, sai feshin ya ci kamar iskar gas. Wanda ya haura maikiromita 40 kuwa, kowane ɗigo yakan yi nasa ɗan harshen wuta, ya ɗumama na kusa da shi har shi ma ya kama, wutar ta riƙa tsallakawa daga wannan zuwa wancan kamar gobara a rumfunan kasuwa. Idan feshin ya yi kauri sosai, iskar oksijin ba ta samun hanyar shiga tsakiya, sai wutar ta kewaye gungun ɗigon tana ci daga waje. Chiu da Liu sun tsara lissafin wannan a 1977.

A kwamfuta, ana yanka cikin silinda, wato wurin da mai ke ƙonewa a inji, zuwa ƙananan akwatuna masu ɗimbin yawa, a lissafa zafi da gudun iska da yawan tururi a kowanne, su kuma ɗigon a bi sawunsu daban, ɗaya bayan ɗaya ko rukuni-rukuni. Wannan ita ce hanyar da ake kira da sunan Euler da Lagrange, masana lissafi biyu. Ƙafewar kuma ana gina ta ne bisa dokar da Godsave da Spalding suka bayyana a 1953, wadda ke nuna cewa ɗigon da ya ninka wani sau biyu a faɗi zai ɗauki ninki huɗu na lokacinsa kafin ya ƙare.

Inda gizo ke saƙar shi ne, yawanci ɗigon ya fi akwatin lissafi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, don haka kwamfuta takan ɗauke shi a matsayin ɗan tabo, ta baje tururinsa a cikin akwatin gaba ɗaya. Da an yi haka, ɗan harshen wutar da ke kewaye da ɗigo guda ya ɓace daga lissafin, kuma saurin wutar da aka samu yana iya kaucewa gaskiya. A ganina, duk hoton kwamfutar da aka nuna maka a aji, komai kyan launinsa, ka fara tambayar girman ɗigon da aka sa a ciki, da kuma gwajin zahirin da aka auna sakamakon da shi.